Kazar Mace da Ƙofar Banki: Muhawara daga Ƙasar Kurfai

A ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Shikal, daga Tukunus zuwa ƙauyukan bakin Dallol Bosso, da wuya ka shiga gidan da babu kaza, kuma in ka tambayi mai ita, galibi ɗakin mace za a nuna maka. Ita ke watsa tsaba da dusa, ita ke gyaran akurki, ita ke korar shirwa, ita ta san wadda ta fara kwanci. Ƙidayar noma da dabbobi da aka yi a Nijar tsakanin 2005 da 2007 ta sami tsuntsayen gida sama da miliyan 12, fiye da rabinsu kaji, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zabi, kuma kusan dukansu kiwon gargajiya ne na ƙauye.

Amma a bi sawun kazar nan bayan ta bar gida. Dillalin da ke sayenta ranar kasuwa namiji ne. Mai ɗaure keji a kan mota zuwa Baleyara da Yamai namiji ne. Manyan gidajen kajin ƙwai da ke kewayen Yamai, galibinsu na maza ne. Duk inda sana'ar ta girma har ta kai a zauna gaban ma'aikacin banki a nemi jari, sai ka ga mata sun yi ƙaranci. Binciken Bankin Duniya na 2017 ya nuna cewa a Nijar, cikin kowane maza 100 wajen 20 ne ke da asusun ajiya a banki ko a wayar hannu, mata kuwa wajen 11. Wanda bai da asusu ba ya ma cikin layin masu neman bashi.

A kan wannan ne ra'ayi ya rabu biyu. Wasu na cewa an toshe wa mata ƙofa, kuma gyara shi ne a buɗe ta. Wasu na cewa bashin banki kaya ne da zai karya wuyan mai kaji goma, don haka tura ta can cutarwa ce da sunan taimako. Kowane ɓangare na da hujjar da ta cancanci a saurare ta a tsanake.

Hujjar masu cewa a buɗe ƙofa

Farkon abin da suke nunawa shi ne jingina. Banki na son abin da zai riƙe in bashi ya ƙi biyuwa: takardar fili, ko gida, ko albashin ma'aikaci. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke iya ba manomi takardar shaidar gonarsa, amma sai kana da gonar kafin a rubuta ta da sunanka. A Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa, gandu na hannun maigida, mace kuwa tana noma ɗan yankin da miji ya yanka mata, wanda aro ne, yana iya komawa ranar da aure ya mutu. Shari'ar Musulunci ta ba ƴa mace rabonta na gado, ta kuma tabbatar mata cewa dukiyarta tata ce, miji bai da iko da ita sai da yardarta. Sai dai a wurin rabon gona, sau da yawa ƴan'uwa maza kan riƙe ƙasar, a ce ai ita tana gidan wani. Abin da ta mallaka da gaske, wato kaji, da akuya, da kwanonin ɗaki, ba ya cikin abin da banki ke karɓa. Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, ba sai an rubuta a bango cewa ba a ba mata bashi ba. Sharaɗin da aka gindaya ya riga ya tankaɗe su.

Na biyu, takardu da tafiya. Kafin a buɗe asusu sai da katin ɗan ƙasa, shi kuma sai da takardar haihuwa, wadda mata da yawa na karkara ba su taɓa riƙewa ba. Takardun neman bashi da Faransanci suke. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa ƴan mata 76 cikin 100 a Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, abin da ke nufin yawancinsu sun bar makaranta da wuri ko ma ba su shiga ba. Ga nisa: Filinge kanta tana wajen kilomita 180 daga Yamai, inda bankuna suka taru. A farkon 2020 kuma an hana zirga-zirgar babura a sassa da dama na jihar Tillaberi saboda matsalar tsaro, alhali babur shi ne motar talaka, shi ne kuma abin hawan ma'aikacin rance mai zagaya ƙauyuka. Namiji na iya kwana a tasha ya jira gobe. Mace mai goyo, wadda sai ta nemi izinin maigida ta kuma sami mai riƙe mata girki, tafiya ɗaya ma aiki ce, balle a ce mata ta dawo mako mai zuwa.

Na uku, kuma nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi: matan Nijar sun daɗe da nuna cewa suna biyan bashi. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tushen adashin da mata suka gada. Mata ashirin da wani abu zuwa talatin su haɗu, kowane mako su zuba abin da ya sawwaƙa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, su ranta wa junansu, ƙarshen zango su raba. Tsarin ya bazu a faɗin Nijar, ya tsallaka ƙasashen Afirka da Asiya, har duniya ta ɗauke shi abin koyi. Ƙarin da mace ke ɗorawa a kan rancen akwati sau da yawa yakan kai 5 zuwa 10 cikin 100 a wata, kuma suna biya. To, macen da ta shekara goma tana zubi ba fashi, ta ci bashi ta biya a gaban shaidu talatin, in ta je banki sai a ɗauke ta baƙuwar da ba a san halinta ba. Masu wannan ra'ayi na ganin nan ne rashin adalcin ya fito fili.

Na huɗu, suna nuna abin da rashin jari ke jawowa. Da an gama girbi, samarin Kurfai da magidanta da yawa kan tafi cin rani Yamai, ko Najeriya, ko Gana, ko Kwadibuwa, su bar gida a hannun mata. In yaro ya kwanta zazzaɓi, kaza ake kamawa a kai kasuwa, ko tana tsakiyar ƙwai. Mai sayar da dole ba ta ciniki. Abin da dillali ya taya shi ne. Da tana da ɗan abin juyawa, da ta riƙe zakarunta har azumi ko jajibirin salla, lokacin da kaza ke daraja. Ko shirin da gwamnati ta kawo don sauƙaƙa bashin noma, wato asusun FISAN da aka kafa a 2017, inda ake ba da tallafin kashi 40, bashin kashi 50, mai nema ya kawo kashi 10, yana bukatar rubutaccen tsarin sana'a da kuɗin hannu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda ya dawo daga cin rani da ƴan kuɗinsa ya fi matarsa samun wannan kashi 10.

Hujjar masu cewa a yi hattara

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga waɗannan. Abin da yake tambaya shi ne: in an buɗe ƙofar, me ke bayanta?

Suna fara da cewa ƙofar a rufe take ga mazan karkara ma. Maza 20 cikin 100 ba abin alfahari ba ne, kuma yawancin waɗannan ashirin ɗin ma'aikata ne da ƴan kasuwar birni. Tarihin bashin noma a Nijar cike yake da faɗuwa: asusun bashin noma na CNCA ya durƙushe a shekarun 1980, bankin raya ƙasa na BDRN ya rushe a 1990, aka yi shekaru ashirin kafin bankin noma na BAGRI ya fara aiki a 2011. Manomin gero na Shikal da matarsa duka a waje suke tsaye. Tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye, in ji su, ta fi wadda ke tsakanin miji da mata faɗi.

Hujjarsu ta biyu ita ce kazar kanta. Kazar gida kan yi ƙwai sau uku ko makamancin haka a shekara, goma zuwa goma sha biyar kowane zubi, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Cikin ƴan tsakin, shirwa ta ɗauka, muzuru ya ɗauka, sanyi ya kashe wasu. Waɗanda suka tsira sai sun yi wata biyar ko shida kafin su kai kasuwa. Sannan ga annobar da ke zuwa da iskar hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasil: kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, cikin mako guda a share akurkin unguwa. Inda ba a yi rigakafi ba tana iya kashe takwas cikin goma, har fiye. Mutanen Magariya a jihar Damagaram ba su manta da murar tsuntsaye ta Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka kashe kaji aka rufe kasuwanninsu. Kaza na mutuwa, bashi ba ya mutuwa. Macen da a da in annoba ta zo asarar kaji kawai take yi, yanzu za ta yi asarar kaji ta kuma sayar da akuyarta ta biya.

Na uku, lissafi. Tun 2014 dokar ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa ta ƙayyade cewa kuɗin ruwan ƙananan cibiyoyin rance kada ya wuce 24 cikin 100 a shekara. Ga mai karɓa, wannan da nauyi: wadda ta riƙe jika ɗari shekara guda tana iya biyan ƙarin da ya kai jika ashirin da huɗu, ban da kuɗin mota da na takardu. Ga mai bayarwa kuma bai isa ba, domin wahalar bin bashin jika hamsin a ƙauye mai nisa ɗaya take da ta bin bashin miliyan biyar a Yamai. Ga kuma lokacin biya: cibiyoyi da yawa na son a fara biya tun watan farko, alhali kajin ƙwai na gidan gona sai sun yi kusan wata biyar suna cin abinci kafin su sa ƙwan fari. Tsarin ya dace da mai tuyar ƙosai da ke juya kuɗinta kullum, bai dace da mai kiwo ba.

Na huɗu, wa zai riƙe kuɗin? A Bangladesh, ƙasar da Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen suka sami kyautar Nobel a 2006 saboda ƙaramin rancen da suke ba talakawa, binciken da Anne Marie Goetz da Rina Sen Gupta suka wallafa a 1996 ya gano cewa fiye da rabin matan da suka duba ba su da cikakken iko da rancen da aka rubuta da sunansu. Maza ne ke juya shi. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, bashi a kan bashi da tsananin masu karɓa sun kai hukuma ta taka wa cibiyoyin burki a 2010. Nazari shida da aka fitar a 2015 daga ƙasashen da suka haɗa da Habasha, Maroko, Indiya da Meziko sun nuna cewa ƙaramin rance na da ɗan amfani, amma bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Kaza a tsakar gida kowa ya san mai ita, kuma miji na jin nauyin kama ta. Tsabar kuɗi kuwa, da zarar an ji sun shigo ɗaki, bukatar iri da taki da biki duk sai su taso, sunan mace ya rage a takarda, kunyar rashin biya ta rage a kanta.

Na biyar, riba. Mata da maza da yawa ba hana su aka yi ba, su ne ba sa so, domin malamansu sun karantar da su haramcin kuɗin ruwa, kuma sun yarda. Duk lissafin da ya ɗauki kowace mace marar bashi a matsayin wadda aka kora, ya manta da wannan. A ƙarshe suna tunatar da mu cewa cibiyoyin ma ba dutse ba ne: a 2018 hukuma ta karɓi jagorancin ASUSU, wadda a lokacin ita ce babbar cibiyar ƙaramin rance ta ƙasar, bayan ta shiga matsala, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar ya sa masu ajiya sun yi ta layi ba sa samun kuɗinsu yadda suke so. Akwatin mata na ƙauye bai rufe ba ko rana ɗaya.

Auna hujjojin

Ni a ganina ɓangarorin nan biyu ba mace ɗaya suke magana a kanta ba, shi ya sa kowa ke ganin ɗan'uwansa bai fahimta ba.

Masu cewa a yi hattara suna kallon mai kaji goma, kuma a kanta sun yi gaskiya. Abin da ke tsakaninta da ƙaruwa shi ne mutuwar kaji, kuma maganinsa ya fi bashi arha nesa ba kusa ba. Akwai rigakafin Niyukasil mai jure zafi da ake ɗigawa a ido duk wata huɗu, wanda kuɗinsa bai kai na ƙwai ɗaya ba. Akurki mai ƙofa, da killace ƴan tsaki a makonnin farko ana ba su dusa da gara, sun isa su ninka abin da ke tsira. Wannan macen akwatin ƙungiyarta ya ishe ta. Duk mai ba ta bashin banki kafin rigakafi ya isa ƙauyensu, alhakin abin da ya biyo baya na wuyansa.

Amma masu cewa a buɗe ƙofa suna kallon wata macen dabam, wadda ta riga ta wuce wannan mataki. Kajinta sun daina mutuwa, sun kai talatin ko arba'in, ta san kasuwa, tana son ta gina ɗakin kiwo, ta sayi buhunan dusa da masara da kaka lokacin da suke arha, ta tara kajin maƙwabta ta aika Yamai da kanta. Akwati ba zai ɗauke ta ba, domin abin da ke ciki zubin talakawa ne, kuma duk membobin lokaci ɗaya suke bukatar kuɗi. A daidai wannan gaɓa ne ƙanenta, mai takardar gona da katin ɗan ƙasa da ƴancin tafiya, yake da hanyar da ita ba ta da ita. Cewa maza ma ba sa samu gaskiya ne, amma ƴan kaɗan da ke samu su ne ke zama dillalai da masu gidajen gona, su ne kuma ke yanke farashin da za a sayi kazarta. Ƙaramar tazara a bakin ƙofa ita ke zama babbar tazara a kasuwa bayan shekara goma.

Hujjar cewa miji zai karɓe kuɗin ma ba ta isa ta zama dalilin hana mace ba. In aka bi ta, sai a hana ta gado da sadaki, tunda su ma ana iya karɓewa. Abin da hujjar ke koya mana shi ne yadda za a ba da bashin. Haka ma batun riba: Musulunci da ya hana kuɗin ruwa ya halatta ciniki, kuma akwai Bankin Musulunci na Nijar da ke aiki a Yamai. A tsarin murabaha, cibiya ce ke sayen kayan ta sayar wa mai bukata da ribar da aka sani tun farko, a biya sannu a hankali. In abin da ya shigo gida ƴan tsaki ne, da buhun abinci, da waya da kwanon rufi, to an kauce wa kuɗin ruwa, an kuma kauce wa hannun da ke jiran tsabar kuɗi. Fulanin da Kurfayawa ke zaune da su sun daɗe da sanin irin wannan a al'adarsu ta habbanaye, inda ake ba mutum aron dabba mace ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar.

Abin da ya kamata a yi

Daga wannan awo, abubuwa huɗu nake ganin sun wajaba, kuma a jere suke. Na farko, rigakafi ya riga bashi. A horar da mata a kowane ƙauye su zama masu ɗiga maganin, ana biyansu ɗan lada a kan kowace kaza, su rataya ga likitocin dabbobi masu zaman kansu na gunduma. Ƙungiyar BRAC ta yi haka da dubban matan Bangladesh tun shekarun 1980, kuma mace ta fi namiji samun shiga gidajen da kajin suke.

Na biyu, littafin ƙungiya ya zama shaida. Hukumar da ke sa ido kan ƙananan cibiyoyin rance, tare da BAGRI da FISAN, su amince cewa shekarun zubi da biya ba fashi, haɗe da lamunin ƴan ƙungiya, sun tsaya a madadin takardar fili ga bashi matsakaici. Nijar ta taɓa yin irin wannan dabara: tun 1999 aka fara tsarin da manoma ke kulle amfanin gonarsu a sito da kwaɗo biyu su karɓi rance a kansa, ba tare da an nemi gona ba. Waken da matan Kurfai ke nomawa na iya shiga wannan sito.

Na uku, lokacin biya ya bi rayuwar kaza: a jinkirta har ƙwai ya fara ko zakaru su isa sayarwa, a kuma rubuta tun farko abin da za a yi in annoba ta faɗo wa gari duka. Na huɗu, ofisoshin magajin gari na Filinge, da Kurfai ta Tsakiya, da Imanan, da Tondikandiya su riƙa fita ƙauyuka da alƙali ana yi wa mata takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa, a kuma bar su su biya bashi ta waya ko ta kamfanonin aika kuɗi da suka riga suka saba da su, ba sai sun hau mota ba.

Akwai kuma aikin da ba na banki ba ne, namu ne. Malaman da ke wa'azi a kan haramcin riba, su ɗaga murya daidai haka a kan haramcin cinye gadon ƴa mace da taɓa dukiyar mata ba da yardarta ba, domin shari'a ɗaya ce ta zo da su duka. Sarakuna da masu gari da ke zama a kwamitocin filaye, su tambayi ina rabon mata kafin su sa hannu a takardar gado. Magidanci kuma ya san cewa in jarin matarsa ya tsira, tukunyar gidansa ce ba za ta sauka ba a watannin da yake can cin rani.

Duk wani shiri da zai zo Kurfai da sunan bashin mata, kada a auna shi da yawan sunayen da ya rubuta ko miliyoyin da ya raba. A koma bayan shekara uku a tambaya: kajin nawa suka tsallake hunturu, mata nawa suka biya ba tare da sun sayar da akuya ba, kuma mata nawa ne yanzu ke yanke wa kajinsu farashi da bakinsu? Shirin da ya iya amsa waɗannan ba tare da sunkuyar da kai ba, shi ya cancanci a faɗaɗa shi zuwa sauran ƙauyuka.